Gidan abincin kirki a garin da kake baƙo: yadda ake gane shi, da abin da ake faɗa a kansa

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Ya ce kayan waya yake sarowa, kusan kowane wata yana kan hanya tsakanin Kano, Abuja da Legas, wani lokaci ya leƙa Akara, sau ɗaya ko biyu a shekara kuma ya tafi Dubai ko Sin. A tafiyarsa ta baya ya duba Google Maps ya zaɓi wani gidan abinci mai taurari huɗu da rabi cikin biyar, ya ci shinkafa da kaza da dare, kafin asuba cikinsa ya ɓaci, washegari ko kasuwa bai iya fita ba. Abu biyu yake son sani: yadda zai riƙa gane wurin cin abinci na kirki a garin da bai sani ba, da kuma ko ya dace ya koma ya ba wancan gidan tauraro ɗaya don ya gargaɗi jama'a.

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi shekara 22 ina aikin duba-gari, rabin aikin nan kuwa shiga madafar mutane ne: gidajen abinci, rumfunan tasha, mahauta, gidajen burodi. Bayan na ajiye aiki kuma tafiya ta kai ni galibin wuraren da ka lissafa. Abin da zan gaya maka daga can na samo shi, daga bayan labule inda mai cin abinci ba ya leƙawa.

Fara da mutane kafin ka ɗauko waya. Matambayi ba ya ɓata, amma ita ma tambayar da yadda ake yinta. In ka tsayar da mutum ka ce masa ina ne gidan abinci mai kyau a garin nan, zai dube ka daga hula zuwa takalmi, ya auna aljihunka, ya tura ka inda yake ganin ya dace da babban baƙo, wuri mai gilashi da sanyi wanda shi kansa bai taɓa zama a ciki ba. Ce masa, "Malam, kai ina ka ci jiya da rana?" Wannan amsar ce take da amfani, domin can ya kai cikinsa, ga shi kuma tsaye a gabanka lafiya lau. Ni waɗanda na fi tambaya su ne mai shagon da nake ciniki da shi, ma'aikatan banki ko na asibiti da suke fitowa hutun rana, mai gadin masauki, da dattawan da ke zama ƙofar masallaci bayan Azahar. Mutum uku da ba su san juna ba in suka ambaci wuri ɗaya, kama hanya.

Direbobi sun fi kowa sanin abincin hanya, amma sai ka rarrabe su. Direban motar fasinja da ya tsaya da ku a wata rumfa ya ce kowa ya sauka ya ci, sau da yawa akwai fahimta tsakaninsa da mai abincin: ya kawo mata fasinja, ta zuba masa nasa kyauta, da yanka masu kyau. Fasinjan kuwa na yau daban, na gobe daban, ba mai dawowa ya yi ƙorafi. Nan raunin abincin kan hanya yake, mai dafawa ba ta tsoron rasa ka domin dama ba za ta sake ganinka ba. Direban tirela da na tanka ba haka suke ba. Da kuɗinsu suke ci, duk mako suna bi ta wurin, kuma in abinci ya taɓa cikin ɗayansu, kafin yamma labari ya zaga duk tashar. In ka tsaya a Tafa, ko Mararrabar Jos, ko Lakwaja, ko Ore a hanyar Benin zuwa Legas, dubi rumfar da suka cika, ko da sai ka taka 'yar tafiya daga inda motarku ta tsaya.

A kudu da ƙetare, zango shi ne mafakar Bahaushe. Sabo a Ibadan, Agege da Idi-Araba a Legas, Nima da Mamobi a Akara, zangon Kumasi, duk za ka samu tuwo da miyar da ka saba, da naman da ba ka shakkar yankansa. A Gana ma abincinmu ya zama na kowa: shinkafa da waken da suke kira wace daga kalmar wake sunansa ya fito, tuwo kuwa tuwon zafi suke ce masa, kokon safe har yau da sunan Hausa suke kiransa. Sai dai zan roƙe ka kada ka maƙale a tuwo kaɗai. Kowane gari da abin da hannunsa ya faɗa a kai, kuma abin da gari ya ƙware a kansa shi ya fi saurin ƙarewa a tukunya. A Bauchi nemi masa da miyar taushe, a Maiduguri burabusko, a Jos gwate da acca, a Yawuri da Lakwaja kifi, a Yamai dambu, a Madawa kilishi, a Ibadan amala. Wanda ya je Ibadan ya nemi tuwon shinkafa da miyar kuka a wani otal na 'yan boko, miyar da aka kaɗa shekaranjiya saboda ɗaiɗaikun baƙi irinsa za a ɗumama masa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wato tafiyar tukunya. Gidan abincin kirki shi ne wanda tukunyarsa ba ta kwana. An dafa, an sauke, an sayar, ta ƙare, an wanke. Duk sauran abubuwa bayan wannan suke.

Ga dalili. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne a abincin da ba zafi ba sanyi, tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Yanayin garuruwanmu, digiri 30 zuwa 40, shi ne daidai abin da suke so. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba. Hukumar ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna rasa ransu. Yawancin abin da na gani da idona a bakin aiki ba wani mugun abu aka zuba a tukunya ba. Lafiyayyen abinci ne aka dafa da ƙarfe 10 na safe, aka juye a kula, ana buɗewa ana rufewa, ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, aka sayar da ragowarsa da ƙarfe 9 na dare. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, daga nan kuma ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so shi take riƙe musu.

Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara a nan. Akwai wata ƙwayar cuta, masana na kiranta Basilus seriyus, da take zuwa da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin ƙwanso da tafasa ba ta kashewa. In shinkafa ta huce ta zauna, sai ƙwayar ta farka, ta yaɗu, ta saki guba, gubar nan kuma ɗumame ba ya karya ta. Za a kawo maka faranti yana tururi, ba wari ba tsami, amma aikin gama ya riga ya gama tun da rana. Soyayyar shinkafa ta fi haɗari, don a wurare da yawa da ragowar farar jiya ake yinta. Miyar nama da farfesu da aka bari a babbar tukunya suka huce a hankali, su ma suna da tasu ƙwayar mai sa gudawa bayan awa 6 zuwa 24.

Saboda haka lokacin da ka ci ya kai wurin da ka ci muhimmanci. Ci lokacin da mutanen gari suke ci. Rumfar da ta fi kowace kyau da ƙarfe 1 na rana tana iya kwantar da kai da ƙarfe 5 na yamma. In dare ya yi maka a hanya, nemi abin da za a dafa a gabanka: mai shayi ya soya maka ƙwai ya dahu sosai, mai indomi ya dafa kana kallo, mai ƙosai ta tsamo daga mai, mai tsire ya mayar maka da nama kan wuta. In ka shiga babban gidan abinci kuma aka miƙo maka takarda mai jerin abinci kala 40 alhali tebur biyu ne kaɗai da mutane, tambayi kanka ina kala 40 ɗin nan suke zaune yanzu, kuma sau nawa aka ɗauke wuta tun da aka sa su a firji. Mace mai kala uku da layi a gabanta ta fi kwantar min da hankali.

Na taɓa duba wurare biyu a rana ɗaya, ban manta ba. Na farko ɗakin cin abinci ne na wani otal, tayil yana ƙyalli, ma'aikata da fararen riguna. Da na buɗe firjinsu, ɗanyun kaji ne a sama, ruwansu yana ɗiga kan yankakken kabejin da za a kai tebur ba tare da ya ga wuta ba. Na biyun wata baiwar Allah ce a bayan tasha, rumfar kwano, benci uku. Bahon wanke-wankenta biyu ne, na sabulu da na ɗauraya, yarinya ɗaya aikinta kawai canza ruwa, wata daban ke karɓar kuɗi, ita kuwa uwar ba ta taɓa komai sai ludayi da mara. Ƙarfe 2 na rana tana kife tukwane. Na rubuta wa otal ɗin takardar gargaɗi, na dawo na ci tuwo a wurin matar.

Kai ba za a bar ka ka buɗe firji ba, amma minti biyar sun ishe ka ganin abin da kake buƙata. Kafin ka ce a zuba, je ka wanke hannu. In roba ɗaya ce da ruwa ya yi kauri kowa na tsoma hannu, ka riga ka ga yadda ake wanke kwanon da za a zuba maka. In buta ce ko famfo da sabulu a gefe, alama ce mai kyau. Leƙa inda ake wanke-wanke, yawanci a gefen rumfa yake a fili. Dubi tsumman da ake goge tebur, ka ga ko shi ne ake goge cokali da shi. Dubi hannun da ke karɓar kuɗi, ka ga ko shi ne ke ɗauko nama. A babban gida shiga banɗaki, domin wanda bai kula da wurin da baƙo ke gani ba, da wuya ya kula da inda ba a gani. Abinci a rufe yake ko ƙuda na sauka? Man suya ya yi baƙi yana hayaƙi? Kwata tana gudu ko ta tsaya a bakin ƙofa? In ranka bai kwanta ba, sayi ruwan gora ka yi sallama ka fita, ba wanda ka ci wa mutunci.

Sau da yawa kuma abin da ke gefen faranti ne mai laifin. Salak da kabeji mai mayonis, ɗanyar albasa da tumatir da ake barbaɗa wa tsire, ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, zoɓo da kunun aya da fura da aka dama da ruwan da ba ka gani ba. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, 'yan awoyi kaɗan ya fara juyawa. Ruwan leda duba lambar NAFDAC, na gora duba murfinsa ba a taɓa buɗewa ba. 'Ya'yan itace zaɓi wanda kai za ka ɓare da hannunka, ayaba ko lemo, ka bar yankakkiyar kankanar da ke tire tun safe. A wurin mai nama tsaya kusa da tukuba, ka zaɓa da kanka, a gasa a gabanka har tsakiyarsa ta dahu, kaza kuwa kada ka ga ja a jikin ƙashi. Kilishin tsaraba karya ɗan gefe ka shinshina: na kirki a bushe yake ƙamas, ba ɗanshi, ba warin tsohon mai.

A ƙetare damuwar Bahaushe ta farko halal ce. A Sin koyi gane haruffa biyu, 清真, ana furta su kamar cing-jan, su ne alamar abincin Musulmi, galibi a kan koren allo. A unguwar Siyawbei ta birnin Gwangzu, inda 'yan kasuwarmu ke sauka, irin waɗannan gidaje suna da yawa, kuma shagunan taliyar Lanjo mai romon naman sa, waɗanda Musulmin ƙasar ke riƙe da su, kusan kowane birni akwai su. A gabanka ake ja taliyar da hannu a jefa a tafasasshen ruwa, ka ga an haɗa halal da zafi. Kada ka shiga gidan abincin da ba shi da alamar ka ce ai ganye kawai zan ci, domin ana yawan soya ganye da kitsen alade ko a zuba giyar girki. A Indiya, inda mutanenmu ke zuwa neman magani, koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin ba nama a ciki, gidajen abincin da ba sa taɓa nama kuma ko'ina akwai su. Ruwan famfo da ƙanƙara ne abin gudu a can. A Ingila hukuma na ba gidajen abinci makin tsafta daga 0 zuwa 5, da yawa suna manna koriyar takardar a ƙofa. Wannan maki na masu duba madafa ne irina, ya fi taurarin intanet nauyi a kan maganar tsafta, amma bai ce komai a kan daɗi ko halal ba.

A Makka da Madina maganar yanka ba ta taso ba, zafi ne abokin gaba. Layin da kake gani a Albaik, gidan soyayyar kaza da aka fara a Jidda a 1974, shi kansa kariya ne, domin kaza ba ta samun lokacin zama. Haka masu wake da gurasar tamis da safe, da masu shinkafar mandi da rana. Matan nan 'yan uwanmu da ke kawo tuwo kusa da masaukin alhazai a unguwar Misfala ta Makka suna share wa mutane hawaye, amma a gida suke dafawa su ɗauko a kula, rana kuma tana haura digiri 40. Sayi nasu da zarar sun sauke kaya. Kuskuren da na fi gani wurin alhazai ma a ɗaki yake faruwa: a kawo abincin rana a ajiye a ƙarƙashin gado, a tafi Harami, a dawo bayan Isha a ci.

Kuɗi ma a tambaya tun kafin a zauna. A Masar gidajen abinci na zama sukan ƙara kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji a kan farashin da ka gani. Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne, a Dubai kashi 5, a Najeriya kashi 7.5. A Amurka tukuicin kashi 15 zuwa 20 kamar wajibi ne, da shi ma'aikata ke rayuwa. Duk inda ake sayar da kifi da awo, a auna a gabanka a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta.

Yanzu taurari. Taurarin gidan abinci da suka fi shahara daga Faransa suka fito. Kamfanin taya na Michelin ya fara buga ɗan littafin jagora ga masu mota a 1900, don mutane su yi tafiya tayoyi su cinye a sayi sababbi. A 1926 ya fara sa tauraro a gaban gidajen abinci masu kyau, a 1931 aka kai su uku. Abin da ya ba taurarinsu daraja shi ne masu dubawarsu ba sa bayyana kansu, suna biyan kuɗin abincinsu, kuma ba a yanke hukunci da ci ɗaya. Tun 2022 akwai jagoran na Dubai, sai dai yawancin gidajen da ke ciki masu tsada ne, da yawansu kuma ana shan giya. Taurarin Google da na TripAdvisor, shafin da matafiya ke rubuta sharhi, wani abu ne daban: kowa ke bayarwa, da wanda ya ci, da wanda bai ci ba, da ƙanin mai gidan, da abokin hamayyarsa. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya yi rajistar rumfar bayan gidansa a TripAdvisor a matsayin gidan abinci, abokansa suka yi ta rubuta yabo, cikin wata shida ta zama ta ɗaya a kan gidajen abinci kusan 18,000 na birnin, alhali ba a taɓa sayar da ko faranti ɗaya a cikinta ba.

Ban ce ka daina dubawa ba, ni ma ina dubawa. Amma lambar da ke sama ita ce mafi ƙarancin amfani. Taurari huɗu da rabi daga mutum 12 ba su kai huɗu daga mutum 800 ba. Jera sharhin daga na baya-bayan nan, domin mai dafuwa yana canzawa, gida ya lalace ko ya gyaru cikin wata uku. Karanta masu taurari biyu da uku, su suka fi faɗin takamaiman abu. In mutane daban-daban a watanni daban-daban suna maimaita ƙorafi ɗaya, abinci da sanyi, ko cikina ya ɓaci, yarda da su. In yabo ne iri ɗaya ya zubo cikin mako ɗaya daga mutanen da ba su taɓa rubuta wani sharhi ba, wuce shi. Dubi hotunan da masu ci suka ɗauka, ka bar na mai gida. Ka tuna kuma da yawan taurari na fitilu ne da kujeru da wurin ɗaukar hoto, sannan matan da suka fi iya girki a tashoshinmu yawancinsu ba su kan taswirar ma sam.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a wurina. An rawaito a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan tarbiyyar muka tashi da ita, shi ya sa Bahaushe ke jin nauyin cewa abinci ba daɗi. Amma a Muslim ɗin dai an rawaito ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa ba a sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yadda na fahimta, raina ni'ima don ba ta yi wa harshenka ba abu ne guda, gaya wa ɗan'uwanka matafiyi gaskiyar abin da zai saya da kuɗinsa kuma nasiha ce. Sharhi shaida ce kake bayarwa a gaban dubban mutane, a kan sana'ar da wasu ke ciyar da iyali da ita. Mai shaida kuwa abin da ya gani yake faɗa.

To me ka gani? Ka ci shinkafa da kaza da dare, kafin asuba gudawa ta kama ka. Zai iya zama abincin ne, lokacin ya yi daidai da na abincin da ya daɗe a ajiye. Amma mutane kullum abin da suka ci na ƙarshe suke zargi, ciki kuwa ba haka yake aiki ba. Gubar da ta riga ta taru a abinci takan sa amai cikin rabin awa zuwa awa 6. Ƙwayar Salmonela, wadda ake samu a kaza da ƙwai, daga awa 6 har kwana 6. Wata ƙwayar ta kaza mai suna Kamfilobakta sai bayan kwana 2 zuwa 5. Kwalara daga 'yan awoyi zuwa kwana 5. Taifot kan ɗauki mako 1 zuwa 3 kafin ta bayyana. Kai da ka kwana biyu a hanya, ka sha zoɓo a tasha, ka ci tsire a wani gari, ka sha ruwan leda kala uku, ba za ka iya rantsuwa cewa farantin daren nan ne ba. Abin da ke ƙarfafa zargi shi ne a ce ku biyu ko uku kuka ci abu ɗaya a wurin, ba ku haɗa wani abinci a wani wuri ba, kuma duk kuka kwanta. In haka ne, kafin intanet ma sashen lafiya na ƙaramar hukumar ya kamata ka sanar, su ke da ikon shiga madafa su buɗe firji.

Akwai kuma kare kai. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, magana ta yi tsawo a wurin mayar da martani, aka kama ta, har ta kai gaban kotu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko me mutum yake gani game da wannan shari'a, ta nuna cewa kalma irin "guba" ko "suna kashe mutane" tana da nauyi a gaban doka. "Shinkafar ta zo min da sanyi" magana ce da za ka iya tsayawa a kanta ko'ina.

In za ka rubuta, faɗi ranar da ka je da lokacin, abin da ka ci, nawa ka biya, minti nawa ka jira. Hausa ba ta rasa kalmomin abinci ba, yi amfani da su maimakon "ba daɗi" ko "ya yi kyau". Miya lami ce, ko gishiri ya zarce? Wake da gafi? Kifi da ƙarni? Shinkafa ta caɓe ko ta yi tsatstsaura, ko tana ƙauri? Tuwo ya tuƙu ko da gudaji? Daddawa ce ta ɗaga miyar ko farin magi aka labta? Naman ya yi laushi? Raba abin da yake laifi da abin da yake sabon harshe: yajin Yarbawa ko tsamin dokunun Gana ba aibi ba ne don kai ba ka saba ba. Ƙara abin da matafiyi irinka ke buƙata, ko akwai wurin salla da alwala, ko iyali za su iya zama a sake, ko ana karɓar tiransifa, ko akwai wurin ajiye mota, ƙarfe nawa abinci ke ƙarewa. In kyauta aka ba ka abincin, ko mai gidan ɗan'uwanka ne, faɗa. Kada ka ɗauki fuskar ma'aikata ko ta masu cin abinci ba da izininsu ba, kada kuma ka ambaci sunan yaron da ya yi maka hidima a cikin ƙorafi, domin shi za a kora, alhali sau da yawa ba shi ya ajiye shinkafar ba. In abu ya ɓaci kana wurin, kira mai gida gefe ka gaya masa. Yadda ya karɓi maganar shi ma abin rubutawa ne. Wurin da ya kyautata maka kuma kada ka yi masa rowar yabo. Mu mun fi ɗaukar waya in ranmu ya ɓaci, matar da ta ciyar da mu lafiya shekara biyar ba mu taɓa rubuta mata layi ɗaya ba, ga shi kuwa saka rumfarta a taswira ba ya cin minti goma, in ta yarda.

Game da wancan gidan, ni ba zan ba shi tauraro ɗaya a kan ci ɗaya da zato ba. In ka tuna shinkafar ba ta da zafi, rubuta kamar haka: "Na ci shinkafa da kaza a nan wajen ƙarfe 9 na dare. Shinkafar ɗumi-ɗumi ta zo, da alama ta jima a ajiye. Cikina ya ɓaci a daren, amma na ci wasu abubuwa a hanya, ba zan tabbatar daga nan ne ba. Mai zuwa da dare ya nemi abin da za a dafa masa sabo." Ka ba su biyu ko uku gwargwadon sauran abin da ka gani. Ka riƙa tafiya da ƙullin gishiri da sukari na kemis a jaka. In babu, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko ta wuce kwana 3, asibiti kai tsaye. In kuma ka sake sauka a garin, koma gidan da rana tsaka, ka zauna inda kake hango ƙofar madafa, ka ci abin da ka ga ana yawan fitowa da shi, sannan ka buɗe sharhinka ka gyara shi daidai da abin da ka tarar.